Gidan Harsashi A Ɗakin Baƙo: Amsa Ga Masu Cewa "Mu Ma Mu Tanadi Namu"

'Yan uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Obalende da sauran zangunanmu na Ikko.

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun dare da wuraren masu shayi, wadda idan dattawa suka ci gaba da yi mata shiru za ta jawo mana abin da ba mu shirya wa ba. Maganar kuwa ita ce ta gidan harsashi, wato wannan ƙarfen da ake jera harsasai a cikinsa a zura shi a gindin bindiga, wanda sojoji da 'yan sanda ke kira magazin. Yanzu har an fara samun samari a cikinmu da ke ganin wayewa ce mutum ya iya bambance na ƙaramar bindiga da na babba, ya san wanne ne dogo wanda aka ƙara wa tsawo, ya duba tambarin da ke jikinsa ya ce wannan na soja ne, wancan na 'yan kasuwa ne. Wani ya tsinta a bola ya ajiye wai don sha'awa. Wani ya saya a hannun yaran gwangwan da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Sannan ga waɗanda suka fi ba ni tsoro, wato manya masu gemu da iyali, da ke cewa a bar yara su tara, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ni dai ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina ba tare da kwana-kwana ba.

Mu fara da inda yaranmu suka kwaso wannan ɗabi'a. Cikin wayoyinsu ne. Suna kallon Turawan Amurka a intanet suna baje gidajen harsasai a kan tebur kamar yadda mai turare ke jera kwalabe, suna bayani cewa wannan na bindigar Browning ne mai cin harsashi 13, wannan na Beretta ne mai cin 15, wannan kuma dogon na Glock ne mai cin 33. Suna auna shi, suna duba lambobinsa, suna gardama a kan ko daga rumbun soja ya fito, domin a can idan aka tabbatar na soja ne sai kuɗinsa ya ƙaru. Abin da yaron Agege bai sani ba shi ne, ko a Amurkar ma ba a bar abin sakaka ba. Daga 1994 zuwa 2004 gwamnatin tarayyarsu ta hana ƙera wa farar hula gidan harsashi mai cin fiye da goma, kuma waɗanda aka ƙera wa jami'an tsaro a waɗannan shekaru sai da aka buga musu tambarin da ke nuna na hukuma ne kaɗai. Da dokar ta ƙare, jihohi irin su Kalifoniya da Niyok sun ci gaba da tasu takurawar. Sun kuma ga abin da dogon gidan harsashi ke aikatawa. A watan Janairu 2011 a garin Tucson, wani matashi ya buɗe wuta a taron 'yar majalisa Gabrielle Giffords da ƙaramar bindiga mai irin wannan dogon gida, ya kashe mutum shida kafin ya tsaya, kuma sai lokacin da yake ƙoƙarin sauya wani gidan ne jama'a suka samu damar danne shi. Amfanin tsawon ke nan, babu wani: a daɗe ana harbi ba a tsaya ba. Wanda ya ce maka kayan ado ne, ka tambaye shi adon me.

Wancan Amurka ke nan, ƙasar da tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa damar riƙe bindiga. Mu a Nijeriya muke, kuma dokarmu daban take.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai bindigar gargajiya irin ta maharba, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da hurumi a kanta. Akwai irin su bindigar harbin tsuntsu, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar. Sai kuma rukunin farko, na haramtattun makamai, wanda babu mai ikon ba da lasisinsa sai Shugaban Ƙasa. Mutane da yawa suna zaton bama-bamai da bindigogi masu sarrafa kansu ne kawai ke cikin wannan rukuni. A'a. Ƙaramar bindiga ta hannu, fistol da libarba, tana cikinsa dumu-dumu, layi ɗaya da gurneti. Hukuncin wanda aka kama da ita babu lasisi kuwa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Dokar Fashi da Makami ta 1984, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Janar Buhari, ita ma ta zo da nata: tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Za a ce ai ba bindiga ba ce, gidan harsashi ne kawai, fanko, ko harsashi ɗaya babu a ciki. To, a je a tambayi kowane lauya ya karanta ma'anar kalmar bindiga a cikin dokar ta 1959. Ma'anar ta haɗa har da kowane ɓangare na jikin bindiga. Haka ma harsashi, ma'anarsa ta haɗa da sassansa. Saboda haka ranar da aka gurfanar da yaro, mai gabatar da ƙara zai ce ga ɓangaren haramtacciyar bindiga an samu a ƙarƙashin katifarsa, kuma aikin da zai rage wa lauyansa shi ne jayayya a kan ma'anar kalma, shi kuwa yaron yana Ikoyi ko Kirikiri yana jiran shari'a. Duk wanda ya taɓa bin sawun ɗan uwansa a gidajen yarin nan ya san abin da jiran shari'a ke nufi. Mutum kan shafe shekaru bai ga alƙali sau biyar ba, matarsa ta koma gida, shagonsa ya mutu.

Shi kuma tambarin sojan da ake taƙama da shi, a nan ne wautar ta fi fitowa fili. Alamar da ke ƙara wa ƙarfen daraja a hannun ɗan Texas, ita ce ke ƙara masa nauyi a hannun ɗan Zango. Domin da zarar an ga kayan hukuma ne, tambaya ta tashi daga "me ya sa ka ajiye" ta koma "wane soja ne ya ba ka, ina bindigar, ina sauran, su wane ne abokanka". Magana ta bar caji ofis na unguwa ke nan, ta tafi Panti, watakila ma ta wuce hannun jami'an tsaron farin kaya. Yaron da ya ce tsinta ya yi, ko da gaskiya ya faɗa, wa zai yarda da shi? Kuma ko an yarda, kayan gwamnati da ya fita daga rumbu ba bisa ƙa'ida ba kayan sata ne, karɓar kayan sata kuwa laifi ne mai zaman kansa.

Yanzu bari in juya ga dattawan da ke cewa a tanada, domin su ne ainihin abokan gardamata, kuma ba zan raina hujjarsu ba. Mutane ne da suka ga abin da suka gani. Sun ga Shagamu a watan Yuli 1999. Sun ga Ketu da Mile 12 a watan Nuwamba na wannan shekara, lokacin da rikicin shugabancin kasuwa ya koma kisa, har Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin a harbe 'yan OPC masu tarzoma. Sun ga Ajegunle da kewayenta a watan Oktoba 2000. Sun ga Idi-Araba a farkon Fabrairu 2002, inda aka ƙone gidaje, aka rasa rayuka kusan ɗari, dubbai suka kwana a barikoki. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara da yawa daga cikin waɗannan a rahotonta na 2003 a kan OPC. Sun sake ganin Mile 12 a watan Maris 2016, sun ga Fagba a watan Oktoba 2020, sun ji na kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu 2021. A yawancin waɗannan, 'yan sanda sun iso ne bayan an gama ɓarna, ihu bayan hari. Idan dattijon da ya wanke gawar ƙaninsa a Idi-Araba ya ce ba zai sake zama hannu rabbana ba, ni ba zan kira shi mahaukaci ba. Zan ce masa, Baba, na ji, amma mu zauna mu yi lissafi.

Gidan harsashi shi kaɗai ba ya kare kowa, ko jifa da shi ba ta kai ta dutse ba. Sai an samo bindiga, sai an samo harsasai, wato sai an shiga kasuwar da 'yan fashi da 'yan ƙungiyar asiri ke saye da sayarwa, kasuwar da rabin dillalanta masu kai wa 'yan sanda rahoto ne. A ce duk an tsallake wannan. Ranar rikici ta zo, yaro ɗaya ya harba daga cikin Zango, mutum ɗaya ya faɗi. Me zai biyo baya? Kafin la'asar labari ya cika gari cewa Hausawa suna da makaman soja. Waɗanda da suna jin nauyin shiga rikicin, maƙwabtanmu Yarbawa da muke sallah sahu ɗaya, da muke auratayya da su tun zamanin kakanni, za su ja da baya. Jami'an da da za su zo raba faɗa za su zo yaƙi. Kuma ba gidan mai bindigar kaɗai za a shiga ba, layin ne gaba ɗaya, da mai shayi, da mai wankin hula, da almajirin da ya sauka daga mota jiya. Bayan rikicin Mile 12 na 2016 Gwamna Ambode ya rufe kasuwar, aka kame mutum sama da ɗari, tumatir da tattasai na miliyoyin Naira suka ruɓe a cikin motoci. Wannan fa ba a ce an samu rumbun makamai a hannunmu ba. Ina ga an samu?

Mu nawa ne a Ikko idan aka kwatanta da masu gari? Harsashi 33 zai tare unguwa guda? Duk wanda ya san yadda faɗan ƙabilanci ke tafiya ya san abin da ke kashe shi da wuri shi ne a rasa hujjar ci gaba da shi. Kuma kada mu manta, duk abin da ya faru a nan yana da amsa-kuwwa a gida. Bayan Shagamu, Kano ta kama da wuta, aka kashe Yarbawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Jinin waɗannan ma abin tambaya ne ranar gobe.

Ga misalai biyu da nake so kowane magidanci ya riƙe. A ƙarshen watan Agusta 2019, jami'an gwamnatin jihar Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da matasa 123 daga jihar Jigawa da babura 48. Aka zaunar da su a ƙasa, aka ɗauki hotunansu, aka watsa wa duniya kamar an kama mayaƙa. Aka bincike su ciki da waje, ba a samu komai na laifi ba, dole aka sake su. Abin da ya fitar da su ke nan, kuma shi ne ya ba lauyoyi da 'yan jarida bakin cewa an ci zarafinsu, an taka sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zuwa ko'ina da zama a ko'ina cikin ƙasarsa. Yanzu a ɗauka a cikin jakar mutum ɗaya daga cikin 123 ɗin nan an zaro dogon gidan harsashi mai tambarin soja, wanda ya tsinta ya ajiye don sha'awa. Da wane baki za a kare sauran 122?

Na biyu ya fi ciwo. A ƙarshen watan Maris 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano hutun Sallah. Aka ga bindigogin farauta a tare da su, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16, aka cinna musu wuta. Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka kashe su azzalumai ne, babu wani uzuri da za a ba su, kuma haƙƙin mamatan yana wuyan hukuma har sai an hukunta masu laifin. Amma darasin yana nan: bindigar toka, wadda kowane ƙauye a ƙasar nan ya santa, ta isa ta zama hujjar kisa idan a hannun baƙo aka gan ta. Haka ake kallonmu, ko mun so ko mun ƙi. Wanda ya san haka ake kallonsa, sannan ya ɗauko ƙarfen soja ya sa a ɗaki, ya ba maƙiyinsa wuƙa da nama.

Duk haƙƙoƙin da wannan ƙungiya ke fafutuka a kansu, da hannu mai tsabta ake neman su. Sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabilarka ko asalinka. Sashe na 43 ya ba ka damar mallakar fili da gida a ko'ina. Sashe na 37 ya kare sirrin gidanka. Sashe na 35 ya ce ba za a tsare ka fiye da kwana ɗaya ko biyu ba tare da an kai ka gaban kotu ba, sai dai a manyan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba a madadin ɗa, ko mata a madadin miji. Magidancin da ya san ɗakinsa babu komai zai iya tsayawa a ƙofar gida ya ce, ranka ya daɗe, ina takardar izinin bincike daga kotu? Wanda kuwa ya san abin da ke cikin silin ɗinsa, jikinsa ne zai fara tona shi, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shi ne za ka ga ya fara laluben aljihu tun ba a tambaye shi ba, daga nan kuma ya zama saniyar tatsa, duk wata sai an zo gaishe shi.

Sai maganar 'yan gwangwan, kuma a nan da iyayen gidansu nake. Sana'a ce ta halal da ke ciyar da dubban gidaje daga nan har Katsina da Maraɗi, kuma babu mai raina ta sai jahili. Amma ita ce babbar ƙofar da waɗannan ƙarafa ke shigo mana. Yaro ya tura kura tun asuba, ya bi bayan bariki, ya bi gidan da tsohon jami'i ya rasu iyalansa suna share kaya, ya bi bolar Olusosun, ya kwaso abin da bai san sunansa ba. Ya kawo wa maigida, maigida ya gane ko mene ne, maimakon ya tsawatar sai ya ware shi gefe domin ya san akwai mai saye da tsada. Ranar da aka tare kura a hanya, yaron ne a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan zalunci ne, ko da a sahun farko mai yin sa yake sallah.

Kuma hatsarin bai tsaya ga kamu ba. Mu da muke Agege ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 ba sai an ba mu labarin abin da kayan soja ke yi ba. Rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi suna faɗawa unguwanni, jama'a suka ruɗe, sama da mutum dubu suka halaka, yawancinsu mata da yara da suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa cikin duhu. Bayan nan an daɗe ana gargaɗin kada kowa ya taɓa ƙarfen da bai sani ba. A jihar Borno, Gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar gwangwan a 2023 saboda yadda ake kashe yaran da ke shiga daji neman ƙarfe da kuma yadda ake lalata kayan gwamnati. Idan iyayen gidan gwangwan na Ikko ba su tsabtace sana'arsu da kansu ba, wata rana da sa hannun mutum ɗaya za a rufe ta, kuma babu wanda zai tsaya mana.

Kada hukuma ta ɗauka na wanke ta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bahaushen Zango ba shi da maƙerar da ke buga gidan harsashin Beretta. Daga ina suke fitowa? A watan Nuwamba 2008 kotun soja a Kaduna ta yanke wa Manjo Suleiman Akubo da wasu sojoji biyar ɗaurin rai da rai saboda sayar da makamai kusan 7,000 daga rumbunan soja na Jaji da Kaduna ga tsagerun Neja Delta. A watan Oktoba 2010 aka kama kwantena 13 na makamai daga Iran a tashar jirgin ruwa ta Apapa. A cikin 2017 kaɗai, jami'an kwastan sun kama bindigogi sama da 2,600 da aka shigo da su ta Legas. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya fito fili a farkon 2022, ya ce makamai 178,459 ne rundunar 'yan sanda ta kasa ba da bayanin inda suke ya zuwa ƙarshen 2018, ciki har da AK-47 guda 88,078. Ga kuma waɗanda aka kwasa daga ofisoshin 'yan sanda da aka ƙone a Legas a watan Oktoba 2020. Wanda tulunsa ke yoyo haka, bai kamata ya zo yana dukan yaron da ya taka laima ba. Idan an samu gidan harsashin soja a hannun mai tura kura, tambaya ta farko ta mai riƙe da makullin rumbu ce.

Saboda haka muna da buƙata, kuma haƙƙinmu ne mu faɗe ta. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai. A watan Mayu 2021 gwamnati ta kafa Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, kuma a watan Yuni 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba ta gindin zama. Madalla. Amma talakan da ya tsinci ƙarfe a bola, ina zai kai shi ba tare da ya kwana a bayan kanta ba? A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba tsagerun Neja Delta kwana sittin su miƙa makamai, aka yafe musu, har da alawus da karatu a ƙasashen waje. Waɗannan mutane ne da suka harbi sojoji, suka fasa bututun mai. A watan Fabrairu 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai, amma wa ya zo Zango ya yi wa mutane bayani da Hausa? Muna so kwamishinan 'yan sanda na Legas da ita wannan cibiya su zauna da sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan gwangwan, a sanya lokaci, a sanya wuri, a rubuta a takarda cewa wanda ya kawo da kansa ba za a tuhume shi ba, a kuma karanta sanarwar a masallatan Juma'a. Idan an iya yi wa mai roka, a yi wa mai kura.

Kafin a samu wannan, ga shawarata ga duk wanda ya san akwai irin wannan abu a gidansa ko a shagonsa. Kada ka jefa shi a kwata ko a bola, yaro ne zai tsinta, ka mayar da bala'in gidan wani. Kada ka sayar, kada ka ba aboki ajiya, kada ka ɗauki hotonsa ka tura a WhatsApp kana tambayar ko na soja ne, domin hoton nan shaida ce da ka rubuta a kan kanka. Kada kuma ka sa shi a aljihu ka nufi caji ofis kai kaɗai, za a iya tare ka a hanya kafin ka isa, kuma a lokacin babu wanda zai yarda miƙawa za ka yi. Ka sanar da mai unguwarka ko fadar Sarkin Hausawa, a nemo lauya, lauyan ya rubuta wa DPO takarda da ke bayyana abin da aka samu da inda aka same shi da ranar, a buga wa kwafinka hatimi, sannan 'yan sanda su zo su ɗauka da rana a gaban shaidu. Idan kuwa abin ya yi kama da bom ko gurneti ko harsashin igwa, ko ya yi tsatsa kamar ya shekara hamsin a ƙasa, kada ka taɓa shi sam, ka kori yara daga wurin, 'yan sanda suna da sashen masu kwance bama-bamai, aikinsu ne.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin gado da cikin akwatin samari. Masu ba da hayar ɗakuna, ku san wanda kuka ba ɗaki da wanda ya tsaya masa. Limamai, huɗuba ɗaya a kan wannan za ta yi aikin da takarda goma irin wannan ba za su yi ba. Shugabannin 'yan gwangwan kuma, ku kafa doka a kowane fili cewa ba a saye ba a auna duk wani ƙarfe da ya danganci bindiga, wanda ya karya a kore shi daga filin, a kuma sanar da sauran filaye sunansa.

Su kuma dattawan da na yi wa gardama, ina roƙon su kawo ƙarfinsu inda zai yi amfani. Kakanninmu sun zauna a Agege tun zamanin fataucin goro, tun jirgin ƙasa bai daɗe da haɗa Ikko da Kano a 1912 ba, kuma da yawa daga cikin gidajen Zango har yau ba su da cikakkun takardun fili. Matasanmu da yawa ba su da katin zaɓe na nan inda suke kwana. Ba kowace unguwa ce ke da lauyan da za a kira da ƙarfe biyun dare ba, ba kuma kowace ce ke da kwamitin da ke zama da Bale da DPO kafin rikici ya taso ba. Kuɗin da za a kashe a sayo abin da zai kai mutum Kirikiri, a zuba shi a asusun lauya na ƙungiya, a kuma kawo sunayen yaranmu da ke tsare ba shari'a, da ranar da aka kama kowannensu da ofishin da ya kama shi, domin a fara bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya.